Keken Surfanin Yaya da Alamarka ta Kore

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa daga gare ni da dukan mutanen gida, tare da addu'ar Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da amaryarmu. Allah ya sauƙaƙa maka aikin da ya kai ka can, ya haɗa ka da maƙwabta na gari, ya dawo mana da ku lafiya. Mu nan sai godiya. Ƙafar Mama ta yi sauƙi sosai, har ta koma tattakinta na safe zuwa bakin titi. Likita ya ce ta riƙa riƙe sanda, ita kuwa ta ce sanda ta tsofaffi ce, don haka sandar tana bayan ƙofa ana rataye mata tsumma. Kawu ya sake wa shagonsa fenti, launin da ya zaɓa kuma ba zan ɓata maka rai da faɗinsa ba, sai ka zo ka gani da idonka. 'Yar Yaya ta fari ta zo mana hutu da jaririyarta, gida ya cika da kuka da dariya. Ni kuma ina nan ina fama da ɗalibaina. Ƙungiyar kwamfuta da muke yi bayan an tashi makaranta ta bunƙasa har kujeru sun kasa, wasu a kan taga suke zama.

Na san za ka ce me ya hana ni kiranka a waya. Dalili shi ne kai a waya mutum bai kai tsakiyar magana ba ka riga ka ba shi amsa, wannan maganar kuwa ina so ka ji ta har ƙarshe. Magana ce a kan rumbun bayananka, da yadda ya kusa raba Yaya da babban aikin da ta taɓa samu tun da ta buɗe shagon ɗinki. Kada gabanka ya faɗi, labarin ya ƙare da daɗi, amma da sauran abu guda da ya rage a hannunka.

Kafin komai, ka sani ina alfahari da shafin nan naka na intanet. Duk lokacin da sabon ɗalibi ya shigo ƙungiya, sai na buɗe masa na ce ƙanena ne ya gina shi. Ina gaya musu cewa mutanen da suke ɗora tsarin nan na kyauta mai tafiyar da kwamfuta a kan tsofaffin kwamfutocinsu a nan suke zuwa su duba ko manhajar da suke buƙata za ta yi aiki a kai: kore idan tana yi, rawaya idan sai da dabara, ja idan ba ta yi. Ina gaya musu ba kamfani ne ya cika shi ba, mutane ne irinsu suke gwadawa su kawo rahoto don Allah, kai kuma kake dubawa ka amince kafin ya hau. Yadda idanunsu suke buɗewa idan na faɗi haka, da ka gani da ka ji daɗi.

To, ka san Yaya ta daɗe tana burin keken surfani irin wanda ake tura masa zane daga kwamfuta ta kebul, shi kuma ya ɗinka da kansa. Sai ga wani na hannu ya fito, mai kyau. Ni na ba ta tsohuwar kwamfutata, na goge ta tas na ɗora mata tsarin kyauta sabo fil. Kafin ta ce a kawo keken, ta sa ni na duba mata ko manhajarsa za ta yi. Na buɗe shafinka, sai ga kore shar, a ƙasa kuma sunanka, kai da kanka ka gwada. Yaya ta ce tun da Auta ne ya faɗa ai magana ta ƙare. Ni kuma don zumuɗi, keken bai kwana biyu a shago ba na tafi wurin shugaban makarantarmu na ce ga yayata, ita za ta yi mana bajon rigunan ɗalibai na sabon zango. Na yabe ta har na kusa yi mata waƙa. Ya amince.

Manhaja ta hau lafiya, ta buɗe lafiya, zanen bajon ya fito a allo gwanin sha'awa. Aka soka kebul, aka danna tura, sai ta ce ba ta ga keke ba. Ga keke a gabanta, fitilarsa a kunne, amma wai ba ta gan shi ba. Na canza kebul, na canza ramin da ake soka shi, na sauke manhajar na sake ɗorawa, duk a banza. Sai muka kira abokinka Injiniya, wanda har yanzu yana nan a ɗan shagonsa na ƙarƙashin bene a layin masu gyaran waya. Ya zo yana taunar cingam, ya ja kujera, yatsunsa suka yi ƙaf-ƙaf-ƙaf, sai ga keke ya ɗauka. Yaya ta tambaye shi me ya yi, ya ce wallahi bai yi komai ba, lafiyar kwamfutar ƙalau, ya tafi abinsa. Aka yi ɗan aiki, keke ya yi zafi aka kashe shi ya huta, da aka kunna sai ya koma gidan jiya. Aka sake kiransa, ya sake zuwa, ya sake yi, ya sake rantsuwa bai yi komai ba. Haka aka yi ta yi, da an kashe keke ko an ɗauke wuta, sai an nemo Injiniya, shi kuma ga nasa masu gyaran suna jiransa. Yaya ta ce masa tun da keken shi kaɗai yake jin tsoro, ya ɗauko katifarsa ya tare a shagon, za ta ware masa lungu kusa da buhun ƙyallaye. Ya ce shi dai a bar shi da ƙarƙashin benensa, can ba mai yi masa tsawa.

Muna dariya, amma lokaci ba ya jiranmu. Hutu yana ƙarewa, bajon da aka gama bai cika tafin hannu ba. Shugaban makaranta ya kira ni ofis, ya ba ni kujera, ya tambayi lafiyar Mama, sannan cikin ladabi ya ce idan aka buɗe makaranta babu bajo, dole ya mayar da aikin wurin waɗanda suka yi bara. Ban iya gaya wa Yaya a ranar ba, amma ka san ta, fuskata kawai ta kalla ta gane. Ta daina raha, ta lulluɓe keken da zane kamar ba ta son ganinsa, har ta fara cewa ko dai ta mayar da shi ta koma kan keken ƙafarta da bai taɓa cewa bai gan ta ba.

A cikin kwanakin nan ne ta ce tun da shafin na jama'a ne, ita ma jama'a ce, bari ta gaya musu abin nan ba ya yi. Ta buɗe wurin kai rahoto a wayarta. Auta, ka taɓa kallon wurin nan da idon wanda ba kai ba? Ya tambaye ta lambar sigar manhaja, da lambar sigar tsarin, da wata doguwar lamba ta keken da ni kaina sai da na yi bincike na san inda ake ganinta, kuma dukansu da Turanci. Ta tsallake su ta rubuta abin da ta sani, cewa keken ba ya yi sai Injiniya yana wurin. Ta danna aika, sai jan rubutu ya fito. Ta miƙo mini ta ce in fassara, ni kuma na fassara mata yadda ka rubuta shi: rahoto bai cika ba, a daina ɓata wa masu aikin sa kai lokaci. Sai ta ce wato yaron da ta goya har bayanta ya ƙage, yau shi ne yake ce mata maganarta ba ta cika ba. Na ce mata ba kai ba ne, na'ura ce take ba kowa wannan amsar. Ta ce na'urar wa ya koya mata magana?

Ranar da abin ya warware, da la'asar ce. Na kwaso 'yan ƙungiyata, waɗanda ko a hutu muna haɗuwa, muka tafi shagon, na ce yau darasinmu a nan yake. A cikinsu akwai wata yarinya da muke kira Me-ya-sa, domin ba a gama jimla a gabanta ba ta jefo wannan tambayar ba. Aka kira Injiniya, ya shigo yana naɗe hannun riga, ya nufi kujera. Kafin ya zauna Yaya ta karɓi jikarta daga hannun uwarta ta danƙa masa, ta ce yau da baki zai yi gyara, idan kuma ya yar mata da jika shi da zaman lafiya sun yi sallama. Ta ce Me-ya-sa ta zauna a kujerar. Haka ya tsaya tsuru-tsuru da jaririya a kafaɗa, yana cewa a kunna, a soka kebul, a buɗe manhaja, a danna tura. Yarinya ta bi duk yadda ya ce. Manhaja ta ce ba ta ga keke ba. Ya ce ba zai yiwu ba, a sake. Aka sake, haka dai. Zufa ta fara keto masa, yana ta jijjiga jaririya, yana leƙen allo ta saman kan yarinyar.

Can sai Me-ya-sa ta juyo ta dube shi, ta tambaye shi me ya sa yake rubutu a bayan jaririya. Duk muka kalla. Wallahi yatsunsa ne suke ta ƙaf-ƙaf a kan rigar jaririyar, kamar a kan kwamfuta, shi bai ma sani ba. Ya dubi hannunsa, ya fashe da dariya, ya ce au, wannan ai buɗe ƙofa ce kawai, ba gyara ba ce, kowa ya san ana yi. Yaya ta ce a nuna mata gidan wannan kowan, domin ita a shekarunta ba ta taɓa haɗuwa da shi ba. Ashe tsarin ba ya barin manhaja ta yi magana da abin da aka soka a kebul sai an ba ta izini. Shi Injiniya da ya zauna gaban kowace kwamfuta yatsunsa suke rubuta layin ba da izinin tun kafin hankalinsa ya iso, kamar yadda mutum yake tura ƙofar ɗakinsa ba ya ƙirga ta cikin ayyukan da ya yi a yini. Irin wanda yake yi kuma na wucin gadi ne, da an kashe keke ya goge. Me-ya-sa ta ce to me ya sa ba a yin na dindindin? Ya sosa ƙeya da kafaɗa, tun da hannu ba dama, ya ce akwai, shi ma layi ɗaya ne, sai dai sai an kashe kwamfuta an kunna, shi kuma kullum sauri yake yi. Ya faɗa, ta rubuta, wata ɗalibar ta kwafe a takarda harafi bayan harafi. Aka kashe komai aka kunna. Yaya ta kori kowa daga kusa da teburin, ta danna da yatsanta. Keke ya ɗauki ƙara. Ta kashe, ta kunna, ta sake dannawa, ya sake ɗauka. Ihun da yaran nan suka yi har mai wanki da guga na maƙwabta ya leƙo da dutsen guga a hannu, jaririya kuwa ta tsorata ta yi wa Injiniya abin da jarirai suke yi a riga. Ya ce ya gode, an biya shi ladan aikinsa.

An kai bajo kafin a buɗe makaranta. Yanzu idan na tsaya a gaban aji, aikin Yaya nake gani a ƙirjin kowane yaro, shugaban makaranta kuma har ya fara maganar rigunan wasanni.

Da na koma gida na zauna ina tunanin korenka. Na tabbata ba ƙarya ka yi ba. Kwamfutarka ka buɗe mata wannan ƙofar tun shekarun baya ka manta, da ka gwada manhajar ta yi, ka sa kore da zuciya ɗaya. Kai da Injiniya da sauran abokanku da kuka fara cika rumbun duk gwanaye ne, hannuwanku suna gyara abu kafin ku lura ya lalace. Masu zuwa dubawa kuwa irin Yaya ne. Sai na sa 'yan ƙungiya muka ɗauki wasu korayen muka gwada a kan kwamfutar da aka goge sabuwa, da doka ɗaya: wanda ya iya ba ya taɓawa, da baki kawai zai yi magana, wanda bai iya ba shi yake dannawa. Tun da ba kullum ake samun jaririya ba, hannu a aljihu muke sa gwanin ya yi. Da yawa sun ci korensu halal. Amma mun sami wasu, har da manhajar firintar da masu shagon kwafi suke yawan nema, waɗanda sai da ɗan wani abu da kowa ya sani. Yaran sun mayar da abin wasa, da gwani ya zaro hannu sai ajin ya ɗauki ihu, har ni sun kama ni.

Daga nan suka ce su dai a bar su su taɓa shafin. Na kwafo shi muka yi aiki a kan kwafin, naka ba mu taɓa ba. Wurin kai rahoto yanzu da Hausa yake magana, da Turanci ga mai so, tambayarsa kuma irin wadda mutum zai yi wa mutum ce: me kake son yi, me ka danna, me ka gani. Lambobin da suka kori Yaya ba mu zubar da su ba. Na san dalilin da ya sa ka tsananta a kansu, na tuna lokacin da kake zama kana tsaki a kan rahotannin da ba su ce komai ba sai “ba ya yi”, ba sunan kwamfuta ba sunan manhaja. Kana da gaskiya, rahoto babu lambobin nan ba ya amfanar kowa. Amma kwamfuta ta fi mutum sanin lambobinta, don haka Injiniya ya taimaka wa yaran suka haɗa ɗan maɓalli da yake tattaro su da kansa, ya nuna wa mutum abin da ya tattaro, sai ya yarda a aika. Jan rubutun nan naka kuma mun sauke shi, Allah ya ba ka haƙuri. Wanda ya maye gurbinsa yana farawa da godiya, sannan ya faɗi abin da ya rage da inda za a same shi. Me-ya-sa ce ta kawo shawarar da ta fi burge ni. Ta ce me ya sa sai mutum ya san sunan manhaja kafin ya nema, alhali Yaya surfani ta sani? Yanzu idan ka rubuta surfani, ko buga takarda, ko lissafin shago, zai kawo maka abin da ya dace. A gefen kowane kore kuma mun bar wuri da zai nuna ko gwani ne ya gwada ko sabon hannu, da lokacin da aka gwada.

Ba cewa nake yi duk abin da muka yi daidai ne ba. Aikin ɗalibai ne, za ka ga ɗinkin da ya karkace, kuma ina so ka nuna musu, domin babu abin da zai faranta musu rai kamar a ce mai shafin da kansa ya duba aikinsu. Abin da nake roƙo shi ne idan za ka gyara musu, ka tuna wasunsu wannan ne karo na farko da suka yi abin da wani a wajen aji zai yi amfani da shi. Kalma ɗaya daga gare ka za ta iya sa yaro ya zauna a wannan hanya har girmansa, ko ta sa ya tattara ya bar ta. Ka kuma yi tunanin ba wa wani mabuɗin amincewa tare da kai, ko Injiniya ko wani da ka yarda da shi. Aiki ya yi maka yawa a can, rahotannin mutane suna daɗewa a layi, mai kawowa kuma idan ya ji shiru ba ya dawowa.

Amma duk wannan zai iya jiran lokacin da ka sami sarari. Abin da ba zai jira ba shi ne koren keken surfani, wanda har yanzu yana nan a shafinka yadda ka bar shi. Tun da bajon ya fita, masu ɗinki suke zuwa shagon Yaya kallon keke, biyu daga cikinsu har sun fara neman irinsa, kuma ba kowace ce take da Injiniya a bayan layi ba. Don haka Yaya ta sake zama ta rubuta rahoto, wannan karon a ainihin shafinka, yara suna nemo mata lambobin tana cikawa da kanta. Ta nemi a mayar da korenka rawaya, ta jera matakan buɗe ƙofar ɗaya bayan ɗaya yadda mai ɗinki za ta gane. Na'urarka ta karɓa ba ta yi mata tsawa ba. Yanzu yana layi yana jiran ka, kuma kullum da safe kafin ta zare lulluɓin keke sai ta duba waya ta ga ko ya hau.

Mama tana gaishe ka, ta ce ka riƙa cin abinci a kan lokaci. Kawu yana gaishe ka, da Baban yara, da 'yar Yaya da jaririyarta. Injiniya ya ce a gaishe ka, wai ka shirya, shi ya sha nasa kashin saura kai. 'Yan ƙungiyata suna gaida ka baki ɗaya. Ka miƙa gaisuwata ga amaryarmu, ka ce mata ina nan ina jiran amsar saƙona. Yaya ma tana gaishe ka, ta kuma ba ni saƙo ta ce in rubuta shi yadda ta faɗa. Ta ce kada ka kuskura ka amince da rahotonta don ita yayarka ce. Ka duba shi kamar na kowa, idan akwai kuskure ka dawo mata da shi ka nuna mata wurin, za ta warware ta sake, ai ba yau ta fara farke ɗinki ba. Idan kuma babu kuskure, ka cire korenka ka sa rawayarta, ka rubuta sunanta a ƙasa daidai, da manyan baƙaƙe yadda ka rubuta naka.

Allah ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Yayarka Malama